Cuta Ɗaya, Jiki Biyu: Me Ya Sa Ciwo Ba Ya Kama Namiji Da Mace Iri Ɗaya?

Kimanin shekara dubu da suka wuce, wani likita a Andalus mai suna Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta labarin wasu mutane da lamarinsu ya ɗaure masa kai. Namiji a cikinsu zai ji ɗan rauni, irin wanda kowa kan ɗaure da ƙyalle ya ci gaba da harkarsa, amma shi sai jini ya ƙi tsayawa har rai ya yi halinsa. Kuma maza abin yake ɗauka. Azzahrawi ya rubuta abin da ya gani, amma sai da aka yi kusan ƙarni tara kafin a fara gano bakin zaren.

Yau mun san sunan wannan ciwo, himofiliya, wato rashin daskarewar jini, mun kuma san dalilin da ya sa ya fi bin maza. Shi ne ƙofa mafi sauƙi ta shiga wannan tambaya: shin cututtukan gado da sauran cututtuka suna bambanta tsakanin namiji da mace? Suna bambantawa ƙwarai. Sai dai bambancin ba daga wuri ɗaya yake tasowa ba. Wani a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, wani sinadaran jiki ne ke kawo shi, wani irin rayuwar da mutum ke yi ce, wani kuma, abin takaici, daga asibiti yake fitowa.

Kwafi biyu da kwafi ɗaya

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom, an jera su bibbiyu har gida 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Gida 22 iri ɗaya ne ga kowa. A na ƙarshen ne aka raba hanya: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Wata mai bincike a Amurka, Nettie Stevens, ce ta nuna a shekarar 1905 cewa wannan gida shi ke tsayar da jinsi, kuma a jikin wasu ƙananan ƙwari ta gano hakan. Uwa kullum X take bayarwa. Uba ne ke ba da X ko Y, saboda haka daga ɓangarensa ake samun ɗa namiji ko 'ya mace.

X babba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 800 ko fiye, kuma yawancinsu ba ruwansu da jinsi. Akwai masu kula da daskarewar jini, akwai na ƙarfin tsoka, akwai na ganin launi, akwai na ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki. Y kuwa ɗan ƙarami ne, abin da ke cikinsa kaɗan ne, babban aikinsa shi ne ya juya ɗan tayi ya zama namiji.

A ɗauka X littafi ne na umarni. Mace tana da kwafi biyu, in shafi ya yage a ɗaya sai ta buɗe ɗayan. Namiji kwafi ɗaya gare shi, wanda uwarsa ta ba shi. In shafin ya yage, shi ke nan, ba inda zai duba.

Daga nan lissafin ke fita fili. Uwar da ke ɗauke da ƙwayar himofiliya a ɗaya daga X ɗinta, duk ɗa namiji da ta haifa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. Kuma ciki ba ya tuna na baya: don na farko ya samu, ba shi ke nuna na biyu zai tsira ba. Uban da ke da ciwon kuwa ba zai taɓa ba ɗansa namiji ba, domin Y ya ba shi. Amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauki ƙwayar, ba ragi. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa, in aka kawo masa yaron da jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya ko cire haƙori, kawunnan yaron zai fara tambaya, ba baffanninsa ba.

Manyan nau'o'in himofiliya biyu ne, A da B. Nau'in A yana samun kusan yaro ɗaya cikin maza 5,000 da ake haifa. Nau'in B ya fi ƙaranci, amma shi ne ya yi suna a tarihi. Sarauniya Victoria ta Ingila ta ɗauki ƙwayarsa. Ɗanta Leopold ya rasu a 1884 yana da shekara 30, bayan ya faɗi. 'Ya'yanta mata biyu, Alice da Beatrice, suka kai ƙwayar gidajen sarautar Rasha da Jamus da Sifaniya ta hanyar aure, har ta isa ga Alexei, ɗan Sarkin Rasha Nicholas na Biyu, wanda aka haifa a 1904. Sai a 2009 aka tabbatar da nau'in, bayan an gwada ƙasusuwan iyalan sarkin.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai zaluncin da wannan ilimi kan haifar in an fahimce shi rabi-rabi. Da zarar an ji cewa ciwo ta wajen uwa yake bi, sai a juyo kan uwar da zargi. Ita fa ba ta zaɓa ba, ita ma gada ta yi. Bayan haka, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu himofiliya babu tarihin ciwon a danginsu ko kaɗan, sabon canji ne ya faru a ƙwayar gadon. Kuma a nau'in A mai tsanani, sau da yawa canjin kan fara ne daga maniyyin kakan yaron na wajen uwa, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. To wa za a tuhuma?

Wani ciwon da ke bin wannan hanya ya fi ban tausayi. Sunansa Duchenne, kuma yana cin tsoka ne a hankali. Yaro zai taso lafiya, sai wajen shekara uku zuwa biyar a lura yana yawan faɗuwa, gudu na ba shi wahala, hawa matakala sai da dabara. Sha-raɓarsa ta yi kauri kamar ta ɗan ƙwallo, iyaye har su ɗauka ƙarfi ne, alhali kitse ne da tabo suka maye gurbin tsoka. Ka ce masa ya tashi daga zaune a ƙasa, ka gani. Zai fara juyawa ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu, sannan ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannuwansa kamar mai hawa tsani har ya miƙe. Likitan yara in ya ga wannan tashin, gabansa kan faɗi tun kafin a yi gwaji. Yawancinsu kan koma keken guragu wajen shekara 12, ko da yake magani na jinkirta hakan a yanzu. Yana samun kusan ɗaya cikin yara maza 3,500 zuwa 5,000.

Akwai masu sauƙi a wannan layi. Rashin bambance ja da kore na samun kusan kashi 8 cikin 100 na mazan da asalinsu arewacin Turai ne, mata kuwa ɗaya cikin 200 kacal. Sai kuma ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, wanda mutum kusan miliyan 400 ke da shi a duniya. Mai shi kan zauna lafiya har sai ya sha wasu magunguna, irin su firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, ko ya ci waken fava, ko an sa wa jariri kayan da aka adana da ƙwallon kafur na naftalin. Nan da nan jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Yana cikin manyan dalilan shawara mai tsanani a jarirai, kuma ya fi yawa a maza.

Abin da kyanwa ta koya mana

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce mata sun tsira. Haka littattafan likitanci suka daɗe suna koyarwa: mace "mai ɗauka" ce kawai, tana miƙa ciwo ba ta ɗanɗana shi. Wannan kuskure ne, kuma mata da yawa sun sha wahala a kansa.

A 1961 wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ta bayyana cewa jikin mace ba ya aiki da X biyu a lokaci ɗaya. Tun tana ɗan tayi, kowace ƙwayar halitta kan rufe X ɗaya ta bar ɗaya, ba tare da tsari ba: wannan ta rufe na uwa, waccan ta rufe na uba, kuma duk ƙwayoyin da suka fito daga gare ta su bi sahu. Jikin mace ke nan kamar zane ne da aka haɗa da ƙyalle iri biyu.

Duk wanda ya taɓa lura da kyanwa mai launi uku ya ga wannan da idonsa. Ƙwayar da ke tsayar da ko gashi zai yi ruwan goro ko baƙi tana kan X. Inda fata ta buɗe X mai ruwan goro sai gashin wurin ya yi ruwan goro, inda ta buɗe ɗayan sai ya yi baƙi. Shi ya sa irin wannan kyanwa kusan kullum mace ce. In ka ga muzuru mai launi uku, galibi yana da ƙarin X ne, wato XXY. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To rabon ba kullum yake zuwa rabi da rabi ba. Wata macen, yawancin ƙwayoyin hantarta, inda ake haɗa sinadarin daskarar da jini, X mai lafiyar suka rufe suka bar mai matsalar. Irin wannan mace tana zubar da jini kamar kowane namiji mai ƙaramar himofiliya, sai dai ita tana da abin da shi ba shi da shi: al'ada duk wata, ga kuma haihuwa. Za ta yi kwana takwas ko goma tana jini, tana canja audugar mata kowace awa ɗaya ko biyu, tana tashi cikin dare, jiri na ɗibarta. Ta faɗa wa uwarta, uwar ta ce ai haka nake, haka kakarki take, jinin gidanmu ne. Gaskiya uwar ta faɗa, jinin gidansu ne, amma ciwo ne mai suna da magani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da ke ɗauke da ƙwayar himofiliya sinadarin daskarewar jininsu bai kai yadda ya kamata ba. Sai a 2021 ƙungiyar masana jini ta duniya ta gyara sunayen, ta ce macen da sinadarinta ya gaza kashi 40 cikin 100 a kira ta mai himofiliya kai tsaye. Haka nan uwa ko 'yar'uwar yaro mai Duchenne, ko da tsokarta lafiya, zuciyarta na iya raunana, don haka ake son a riƙa duba ta.

Akwai ma ciwon kan X da kusan 'ya'ya mata kaɗai ake gani da shi. Wani likita a Biyana ta Ostiriya, Andreas Rett, ya bayyana shi a 1966, kuma a 1999 tawagar Huda Zoghbi ta gano ƙwayar da ke jawo shi. Yarinya za ta fara girma daidai, sai tsakanin wata 6 zuwa 18 ta fara rasa kalmomin da ta koya, hannuwanta su daina kama abu, ta riƙa murza su kamar mai wanki. Ba don ciwon ya fi son mata ba ne ake ganinsa a wajensu. Ɗa namiji da ya samu irin wannan canji ba shi da X na biyu da zai tallafe shi, yawanci ba ya daɗewa bayan haihuwa. Ita yarinyar rabin ƙwayoyinta masu lafiya ne ke riƙe ta.

Gado ɗaya, ɗanɗano daban

Yawancin cututtukan gado ba a kan X suke ba, suna cikin sauran gidaje 22 ne, inda namiji da mace ke daidai. Sikila misali ce. Ƙwayarta na kan kuromozom na 11, sai an samu daga uwa da uba duka, kuma ba ta zaɓar jinsi. Amma yadda ake rayuwa da ita ya bambanta. Namiji na iya fama da miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya, wadda in ta wuce awa huɗu ba a kai shi asibiti ba tana iya kashe masa ƙarfin mazakuta har abada, kuma kunya kan hana samari da yawa faɗa. Mace kuwa ciki ne babban gwajinta, domin yana ƙara yawan tashin ciwon da haɗarin hawan jini da toshewar jijiya.

Haka ciwon von Willebrand, wanda shi ne ya fi yawa cikin cututtukan zubar jini na gado. Maza da mata daidai suke gadonsa. Amma yarinyar da likitan Finland Erik von Willebrand ya fara bayyana ciwon a kanta a 1926 ta rasu ne daga baya, tana farkon budurci, lokacin al'adarta ta huɗu.

Wani lokacin kuma al'adar ce ke ceto. Akwai ciwon gado da ke sa jiki tara sinadarin ƙarfe fiye da kima har ya lalata hanta da zuciya. Maza kan fara ganin illarsa tun suna shekara arba'in da wani abu. Mata kuwa jinin da suke zubarwa duk wata na rage musu ƙarfen, sai bayan al'ada ta ɗauke ciwon ke bayyana.

Wanda na fi so mutane su gane shi ne na ƙwayoyin BRCA1 da BRCA2, masu alaƙa da sankarar mama da ta ƙwan mace. Saboda an san su da ciwon mata, sai ake duba dangin uwa kawai. Alhali uba na iya ɗauke da su ya ba 'yarsa, rabi da rabi, kamar yadda uwa za ta yi. Macen da goggonninta biyu suka yi sankarar mama tun da ƙuruciya tana da dalilin zuwa a duba ta, ko da dangin uwarta babu wanda ya taɓa yi. Shi ma namijin bai tsira ba: BRCA2 na ƙara masa haɗarin sankarar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji) da ta mama. Kusan ɗaya cikin 100 na masu sankarar mama maza ne, kuma galibi a makare ake gano tasu, don namiji in ya ji ƙulli a bayan kan nononsa ba nan tunaninsa ke zuwa ba.

Garkuwa mai kaifi biyu

A dunƙule, garkuwar jikin mace ta fi ta namiji zafin nama. Ta fi saurin martani ga ƙwayoyin cuta, ta fi samar da kariya bayan rigakafi. A lokacin annobar korona, a yawancin ƙasashe maza sun fi mata mutuwa, ko da yake yawan kamuwa bai bambanta sosai ba. Amma wuƙar da ta fi kaifi ita ce kan yanki mai ita. Cututtukan da garkuwa ke juyowa ta afka wa jikin mai ita, kusan kashi 80 cikin 100 na masu fama da su mata ne. A ciwon lufus, wanda ke taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, tara cikin goma mata ne. A amosanin gaɓɓai na garkuwa, kusan mata uku ga namiji ɗaya.

An daɗe ana ɗora laifin a kan estrojin, sinadarin da ke tafiyar da jikin mace, kuma yana da hannu. Amma a tuna da muzurun nan mai ƙarin X. Akwai irinsa a mutane: kusan ɗaya cikin maza 500 zuwa 1,000 ana haifarsa da XXY, abin da ake kira ciwon Klinefelter. Namiji ne a jiki, amma bincike ya nuna haɗarin lufus a wajensa ya ninka na sauran maza kusan sau 14, ya kusa kai na mata. Ashe yawan X ɗin kansa na da tasiri. Dalili kuwa, rufewar da Mary Lyon ta bayyana ba cikakkiya ba ce. Kusan kashi 15 cikin 100 ko fiye na ƙwayoyin da ke kan X ɗin da aka rufe suna ci gaba da aiki, kuma wasunsu na garkuwar jiki ne, kamar wadda ake kira TLR7. Mai X biyu ke nan na samun ninki.

Sinadaran jinsi na da nasu fagen. Estrojin na kare jijiyoyin jini, shi ya sa bugun zuciya kan riski mata a makare da kusan shekara bakwai zuwa goma idan aka kwatanta da maza. Yana taimaka wa ƙoda fitar da sinadarin da ke jawo ciwon gawut, don haka kumburin babban yatsan ƙafa mai zafin nan ya fi kama maza. Yana riƙe ƙarfin ƙashi, to da al'ada ta ɗauke sai ƙashin mace ya fara zaizayewa da sauri. Bayan shekara 50, mace ɗaya cikin uku za ta samu karaya saboda raunin ƙashi. Namiji ɗaya ne cikin biyar, adadin da ba ƙarami ba ne, amma ba kasafai ake gwada ƙashin tsoho namiji ba, kuma in ƙugunsa ya karye ya fi mace haɗarin mutuwa a shekarar da ta biyo baya. Wani bambancin ma na ginin jiki ne kawai: hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji ta kai kusan 20, saboda haka ƙwayar cuta ta fi saurin isa mafitsarar mace.

Sai rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin masu kamuwa da tarin fuka, kusan kashi 55 cikin 100 manyan maza ne, 33 manyan mata, sauran yara. Taba, giya, aikin haƙar ma'adinai, zaman kurkuku da jinkirin zuwa asibiti duk suna cikin dalilai. Tirakoma kuwa, ciwon idon da ke juya gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido, yana makantar da mata har ninki huɗu na maza. Idon mace bai fi na namiji rauni ba. Ita ce ke rungume da yara, su kuwa yara su ne matattarar ƙwayar cutar. Ciwon damuwa mai tsanani an fi samunsa a mata, amma mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu a duniya. Na daɗe ina ganin waɗannan alƙaluma biyu labari ɗaya suke bayarwa: namiji da yawa na ɗauke da ciwon, ba ya faɗa, ba a tambayarsa, sai ya fito ta hanyar fushi ko shaye-shaye ko abin da ya fi haka muni.

Jikin da aka auna, da wanda ba a auna ba

A ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961, wani magani mai suna talidomayid da aka riƙa ba masu ciki don tashin zuciya ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasar hannu da ƙafa. Tsoron maimaita irin wannan ya sa a 1977 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire duk macen da za ta iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani. Niyyar kariya ce. Sakamakon kuwa, an yi shekaru ana auna magunguna a jikin maza ana rubuta wa mata. Babban binciken da ya nuna asfirin na rage bugun zuciya, wanda aka fitar a 1989, likitoci 22,071 aka yi wa, dukkansu maza. Da aka yi makamancinsa a kan mata kusan 40,000, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna wani abu daban: a wajensu shanyewar ɓarin jiki asfirin ya rage, bugun zuciya kuwa bai ragu ba sai a waɗanda suka kai shekara 65.

A 1993 Amurka ta yi dokar da ta wajabta sa mata cikin binciken lafiya da gwamnati ke ɗaukar nauyi. Amma ɓarnar da aka riga aka yi ba ta gyaruwa dare ɗaya. Wani rahoton gwamnatin ƙasar na 2001 ya gano cewa cikin magunguna 10 da aka janye daga kasuwa tun daga 1997, takwas sun fi yi wa mata illa. Maganin barci na zolfidem ya yi shekara 20 a kasuwa kafin a 2013 a rage wa mata shi daga miligiram 10 zuwa 5, bayan an ga yana daɗewa a jininsu har safiya, lokacin da wasu ke kama sitiyari.

Inda wannan ya fi ci mini rai shi ne zuciya. Ciwon zuciya da jijiyoyin jini shi ne kan gaba wajen kashe mata a duniya, ya fi duk wata sankara. Amma hoton da ke kan kowa, har da wasu ma'aikatan lafiya, na namiji ne mai tumbi ya dafe ƙirji. Mace ma ciwon ƙirji shi ne alamar da ta fi yawan zuwa da ita, sai dai sau da yawa yana haɗe da wasu: numfashi sama-sama, tashin zuciya, gumi mai sanyi, ciwo a muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, gajiyar da ba ta san irinta ba. Ita da kanta za ta ce gyambon ciki ne ko gajiyar aiki, ta sha magani ta kwanta. In ta je asibiti, a ce mata damuwa ce.

Har gwajin jinin ma da ma'aunin namiji aka gina shi. In tsokar zuciya ta ji rauni, takan saki wani sinadari mai suna toroponin cikin jini, kuma yawansa ake dubawa a ce an samu bugun zuciya. Zuciyar mace ta fi ƙanƙanta, abin da take saki bai kai na namiji ba, don haka layi ɗaya da aka ja wa kowa ya yi mata tsawo. Masu bincike a Edinbura ta Sikotilan sun gwada raba layin da gwaji mai ƙarin kaifi, suka sa na mata ƙasa da rabin na maza, suka wallafa sakamakon a 2015. A cikin mazan da suka zo da alamun ciwon, waɗanda aka tabbatar suna da bugun zuciya sun tashi daga kashi 19 zuwa 21 cikin 100. A mata kuwa daga 11 suka koma 22.

Bayan 'yan shekaru tawagar ta sake bin diddigi a asibitoci da dama, don ganin abin da ya faru da matan da sabon ma'aunin ya bankaɗo. An gano ciwon nasu, an rubuta a takarda. Amma idan aka zo batun buɗe jijiyar da ta toshe da ba da magungunan da suka dace, abin da suka samu kusan rabin na maza ne.